Liman da Fasto: Tarke a kan Majigin da Ake Koya wa Samari Zaman Lafiya da Shi

A cikin watan Maris na 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a kan wani wa'azi da aka yi a harabar makarantar. Kafin mako ya zagayo wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u da masallatai, aka yi asarar rayuka. Tun daga wannan lokaci, duk wanda ya zauna ya yi tunani a kan rigingimun addini na ƙasar nan ba ya rasa lura da cewa manya ne ke hura wutar, samari kuwa su ne itacen. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da hukumomi da ƙungiyoyi suka duƙufa wajen neman abin da za a karanta wa yara, ko a nuna musu, wanda zai rage musu ƙin wanda ba addininsu ɗaya ba.

A cikin kayan koyarwar da aka samu ta wannan fanni, da wuya a sami wanda ya yi suna kamar majigin nan mai suna *The Imam and the Pastor*, wato Liman da Fasto, wanda wani Bature ɗan Ingila, Alan Channer, ya shirya, ya kuma fito a 2006. Tsawonsa kimanin minti 40 ne. Ba ƙagaggen labari ba ne, mutanen da abin ya faru a kansu su ne ke magana da bakinsu. An nuna shi a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarshen shekarar da ya fito, kuma tun daga nan ake ta haska shi a makarantu da tarurrukan horar da matasa a Nijeriya da wajenta.

Manufar wannan maƙala ita ce a auna majigin a ma'aunin mai koyarwa. Wato in an tara samari 'yan shekara 15 zuwa 20 a Tudun Wada ko a Sabon Tasha aka haska musu shi, me za su tashi da shi, me kuma zai rage wa malami ya cike da bakinsa? A ganina majigin ya ci nasara a daidai inda yawancin darussan zaman lafiya suke tuntuɓe, domin bai yi wa yaro ƙarya a kan bambancin addini ba. To amma ya bar giɓi a kan abin da ya haddasa faɗan, da kuma harshen da ake yin ƙiyayyar da shi.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Imam Muhammad Ashafa ya fito daga gidan malanta. Fasto James Wuye kuwa ɗan soja ne, ɗan ƙabilar Gbagyi. Dukansu a Kaduna suka yi samartaka, kuma kowannensu ya zama jigo a ƙungiyar matasan addininsa, Ashafa a majalisar ƙungiyoyin matasa Musulmi, Wuye a reshen matasa na Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya. Da rikicin Zangon Kataf na 1992 ya malalo cikin Kaduna, aka sare wa Wuye hannun dama, Ashafa kuma aka kashe masa tsohon malaminsa na tarbiyya da wasu 'yan'uwansa 2. Kowa ya tashi da kudurin ramuwa. A 1995 suka haɗu a wani taro a gidan gwamnati, inda wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa hannuwansu, ya nuna musu cewa su biyun nan suna iya riƙe jihar in sun so. Daga wannan haɗuwa ne aka sami dandalin tattaunawa na matasan Musulmi da Kirista, wanda ya zama cibiyar sasantawa tsakanin addinai da ke Kaduna.

Abu na farko da ya kamata a yaba wa majigin shi ne zaɓen taurarinsa. Mai karatu da ya manyanta zai tuna majigin gwamnati da ake kaiwa ƙauyuka a mota, irin su Baban Larai na harkar noma, inda akan jera mutum biyu, mai wayo da ya bi shawarar malamin gona da wawan da ya ƙi. Wasannin kwaikwayon zaman lafiya da ake shiryawa a makarantunmu har yanzu wannan sawu suke bi: ga yaron kirki da bai taɓa ƙin kowa ba, ga ɗan iska mai adda, a ƙarshe ɗan iska ya tuba a tafa. Yaron da ke zaune yana kallo, wanda aka ƙone shagon ubansa, bai ga kansa a cikin ko ɗayansu ba. Ya san shi ba ɗan iska ba ne, kuma ya san zuciyarsa ba wankakkiya ba ce. A nan kuwa mutum biyun da ke masa nasiha su ne da kansu suka taɓa tara samari suna zuga su, kuma ba su yi haka don shaye-shaye ko kwaɗayin ganima ba, sun yi ne suna ganin addini suke karewa. Hannun robar da Wuye yake sanye da shi ya fi kowace lacca shiga kunne, domin yaro ya ga cewa mai maganar nan ya biya kuɗin maganarsa.

Na biyu, majigin bai nuna cewa ƙiyayya tana fita dare ɗaya ba. Nan ne, a nawa ra'ayi, zuciyar aikin take. Ashafa ne ya fara saukowa, bayan ya ji huɗubar Juma'a a kan yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi (SAW) har suka zubar masa da jini, amma ya ƙi neman a halaka su. Ya riƙa kai wa Wuye ziyara, har ya je duba mahaifiyarsa a asibiti. Shi kuwa Wuye ya ɗauki wannan duka a matsayin leƙen asiri. Kamar yadda shi kansa ya sha faɗa, sun yi kimanin shekara 3 suna aiki tare, suna tafiye-tafiye, wani lokaci su kwana ɗaki ɗaya, alhali yana raya wa ransa ya danne abokin nasa da matashin kai ya huce takaicin hannunsa. Sai da wani fasto ɗan'uwansa ya ja shi gefe ya nuna masa cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki, sannan ya saki.

In aka lura, wannan shekara 3 ta koyar da abin da ba a cika faɗa wa yara ba, wato aiki tare yana iya rigan yarda da juna. Mu mun saba cewa sai zukata sun haɗu sannan a zauna lafiya. Labarin nan ya nuna mutum yana iya kame hannunsa, ya cika alkawarin tafiya, ya ci abinci akushi ɗaya da wanda yake ƙi, zuciyar ta biyo baya daga bisani. Ga saurayin da aka kashe wa wa ko uba, wannan ya fi sauƙin ɗauka a kan a ce masa ya yafe yau-yau. Duk malamin da ya haska majigin bai tsaya a wannan gaɓa ya bar yara su yi ta muhawara a kai ba, ya zubar da rabin amfaninsa.

Na uku shi ne wanda na ambata tun farko. Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarurrukan zaman lafiya, cewa ai duk addinan abu ɗaya ne, hanya ce kawai ta bambanta. Masu faɗar haka da kyakkyawar niyya suke yi, amma yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma, ko makarantar Lahadi, ya san malaminsa bai yarda da wannan ba. Ya san Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, Kirista kuma a kan gicciyen nan imaninsa ya tsaya. Da zarar ya ji mai lacca ya share wannan bambanci, sai ya yanke cewa ko dai mutumin bai san addini ba, ko an biya shi ne ya raba shi da nasa, daga nan kuma sauran jawabin ya bi iska. Ashafa da Wuye ba su bi ta nan ba. Liman yana nan limaminsa, fasto yana nan fastonsa, kowa yana ganin shi ke kan gaskiya, ba su kuma ɓoye cewa kowannensu zai so ɗayan ya dawo nasa tafarki ba. Kowa daga littafinsa ya zaro hujjar yafewa. Sukan kwatanta kansu da miji da matar da saki ya haramta gare su saboda 'ya'ya, kwatancen da duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe zai gane ba soyayya kaɗai yake nufi ba.

Yanzu sai mu juyo ga inda majigin ya gaza. Wanda ya kalle shi bai san ƙasar ba zai ɗauka cewa abin da ya haɗa mutanen Kaduna da na Filato faɗa shi ne ƙiyayyar da ke cikin zuci kurum, maganinta kuma yafewa. Gaskiya ne minti 40 ba ya ɗaukar komai da komai, amma abin da aka ratsa a gurguje shi ne ƙashin bayan maganar. Rikicin Zangon Kataf a kan kasuwa ya fara. A watan Fabrairu na 1992 ƙaramar hukuma ta nemi ta tashi kasuwar garin daga inda Hausawa suka fi ƙarfi a cikinta zuwa wani sabon wuri, aka yi arangama, sannan a watan Mayu abin ya sake ɓarkewa ya fi na da muni. A ƙarƙashin maganar kasuwa akwai ta gonaki, akwai kuma daɗaɗɗen ƙorafin Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Katafawa, na zama ƙarƙashin hakimin da ake naɗowa daga Zazzau. Kotun musamman da gwamnatin Babangida ta kafa ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa a 1993, daga baya aka mayar da shi ɗauri, kuma har gobe kowane ɓangare da yadda yake ba da labarin wannan shari'a. Ba a jima ba aka ba Atyap masarautarsu. Duk wannan ba tauhidi ba ne, mulki ne da ƙasa da abinci.

Haka abin yake a Yelwa ta ƙaramar hukumar Shendam a Jihar Filato, inda majigin ya kai mu mu ga aikin sulhun da mutanen biyu suka yi. A watan Fabrairu na 2004 an kashe Kiristoci da dama a garin, wasunsu a cikin majami'a. A farkon watan Mayu aka far wa Musulmin garin aka kashe ɗaruruwa, ramuwar gayya ta biyo baya a Kano, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata 6. Bikin sulhun da aka yi a farkon 2005 abin a gani ne, kuma sulhun ya ɗore fiye da yadda mutane da yawa suka zata. Sai dai tambayar da ta haifi faɗan, wato wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, wa ke da ikon takardar shaidar asali da kujerar kansila da filin noma da na kiwo, ba rungumar juna ke amsa ta ba. Yaron da aka koya wa cewa matsalar duka a zuciyarsa take, ran da aka hana shi gurbin karatu saboda sunan kakansa, zai ga an yaudare shi.

Ya kamata kuma malami ya faɗa wa yara inda ƙoƙarin ya kāsa. A ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, kuma Ashafa da Wuye suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar haɗa ta. Wata 3 bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ya tashi, mutane fiye da 200 suka mutu. A 2011 kuma, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe fiye da mutum 800 a Arewa cikin kwana 3, mafi yawansu a Jihar Kaduna. Faɗar wannan ba rage wa kowa daraja ba ne. Yara sun riga sun ji labarin a gida, ɓoye shi sai dai ya rage wa malami gaskiya a idonsu.

Giɓi na biyu ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. A yadda aka fara fitar da majigin, mafi yawan maganar da ke cikinsa da Turanci ne, domin da mutanen waje aka fi nufi. Alhali kuwa zagin da ake yi a layi, da huɗubar da ke tunzura mutane, da jita-jitar da ke yawo a wayar hannu, da Hausa ake yin su. Kuma Hausar nan ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aka sake sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Akwai majami'un da sunayensu ma na Hausa ne, irin su Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A Zonkwa da Kagoro da Wusasa ana addu'ar Lahadi da kalmomin Allah da Ubangiji da zunubi da tuba da gafara da mala'ika, waɗanda yaron Fagge ko Rigasa yake zaton nasa ne shi kaɗai. Wannan fili ne na tarayya da ya fi kowane faɗi, majigin kuwa bai shiga cikinsa sosai ba.

Da aka zo mayar da darussan zaman lafiya zuwa Hausa, sai aka ɗauko kalmar Turancin nan *tolerance* aka ce juriya, ko haƙuri da juna. A duba abin da Bahaushe yake jurewa: ciwo, yunwa, zafin rana, mugun maigida. In ka ce wa yaro ya jure maƙwabcinsa, ka riga ka gaya masa maƙwabcin cuta ne, kuma kowace juriya tana da iyaka. Haƙuri ya fi faɗi, amma shi ma wanda aka zalunta ake ba shi, don haka a kunnen wanda ke ganin an daɗe ana danne shi, a yi haƙuri tana nufin a yi shiru. Harshen yana da abin da ya fi waɗannan. Haƙƙin maƙwabtaka bashi ne da ake bin mutum, ba alfarma ba ce da yake yi in ya ga dama, kuma ba a tambayar addinin maƙwabci kafin haƙƙin ya hau kai. Da shi za a fi fahimtar abin da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya yi a watan Yuni na 2018, lokacin da ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Babu wanda zai ce jure su ya yi.

A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye 10 da Hausawa ke auna mutum da su, a cikinsu akwai gaskiya da amana da karamci da mutunci da adalci. Ana yawan kawo wannan jeri a matsayin tushen tarbiyya, kuma ya cancanta. Amma malami ya yi hattara da amana. A ƙarni na 19 kalmar tana da wata ma'ana ta siyasa: al'ummar da ba Musulmi ba takan karɓi amana daga sarki, ta riƙa biyan haraji don kada a kai mata hari. Saboda haka kalmar da yaro ɗaya ya ji ta da daɗi, wani yana iya jin ƙanshin talauci da bauta a cikinta. Ba dalilin gudun kalmar ba ne, dalili ne na buɗe ta a gaban aji.

Sai kuma kalmomin da ba a son taɓawa. Arne a asali wanda ke bin addinin gargajiya ne, kuma malaman fiƙihu suna da suna dabam ga Kirista da Bayahude, wato ma'abota Littafi. Duk da haka yaro yakan iya jefa wa Kirista wannan kalma tun bai shiga firamare ba. Haka nan mukan ce wane ɗan ƙabila ne, sai ka ce Hausa ba ƙabila ba ce, mukan kuma kira mutane da sunan da su ba sa so, kamar Gwari ga Gbagyi. A ɗaya ɓangaren, mutumin da aka haifi kakansa a Jos ko Zango ana ce masa baƙo ko ɗan kama-wuri-zauna, ana kuma haɗa kowane Musulmi a ƙunshi ɗaya da masu kai hari. Ba a ɗaukar adda sai an daɗe ana ɗaukar irin waɗannan kalmomi. (Abin sha'awa, al'ada tana da tata hanyar zare wa zagi dafi, wato wasan barkwanci, kamar wanda ke tsakanin Fulani da Tibi, wanda bai tsaya a kan iyakar addini ba. Jamhuriyar Nijar ta kai nata ga hukumar UNESCO aka sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, mu kuwa da ƙyar ake ambatonsa a aji.)

Akwai wani abu da ba laifin majigin ba ne, zamani ne ya sauya a ƙarƙashinsa. Ashafa da Wuye sun yi samartaka a Kadunar da Musulmi da Kirista ke haya gida ɗaya, ana aika wa juna naman layya da shinkafar Kirsimeti. Ko da suka zama abokan gaba, sun san wanda suke gaba da shi. Bayan rikicin shari'a na 2000, wanda ya ci rayuka fiye da 1,000, mutane suka yi ta ƙaura, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi suka fi yawa a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista a Sabon Tasha da Narayi da Television. Wanda aka haifa a waccan shekara yanzu ya isa aure, kuma mai yiwuwa ne bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan ɗaya addinin ba. Majigin yana koyar da yadda za ka yafe wa wanda ka sani. Yaron yau kuwa yana ƙin wanda bai taɓa gani ba sai a waya. Don haka haska shi ga aji mai addini ɗaya ba zai yi aikin da zai yi ba in an kawo makarantu biyu daga ƙetaren kogi aka zaunar da su wuri ɗaya.

To a wane darasi za a sa shi? Ilimin addinin Musulunci da na Kirista a rabe ake koyar da su, in an kaɗa ƙararrawa aji ya dare biyu. Da aka gwada tara su da wasu darussa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ƙorafi ya yi yawa, har gwamnati ta ba da umarni a 2017 a mayar da kowanne matsayinsa. Darasin Tarihi, wanda a cikinsa ne za a yi bayanin Zazzau da Zango da zuwan 'yan mishan, an janye shi daga ƙananan makarantu shekaru da dama kafin a dawo da shi. Saura darasin Hausa, inda a makarantun da har yanzu ake cakuɗe yaran ɓangarorin biyu suke zama tare, kuma kalmomi su ne abin nazari. Malamin Hausa yana iya haska majigin a zama biyu, ya tsaya a kan matashin kan Wuye a zama na farko. A na biyu ya rubuta arne da baƙo da amana da haƙuri a allo, ya sa kowane ɗalibi ya faɗi abin da ake nufi da su a gidansu, da kuma wanda ya fara jin su a bakinsa.